Yadda Ɗan Iya Ya Nemi Wuta a Kashin Shanu

A shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabi, har masu babura a Unguwar Ɗorawa suka koma kashe inji in sun zo gangara, komai ya bi bayansa. Buhun takin zamani ya zama abin da ake zuwa gani a shago a Bici, a shafa shi, a dawo gida. Itacen girki da ake sayarwa dami-dami ya koma ƙulli-ƙulli kamar asuwaki. Kowa ya rage wani abu, wani ya rage tuwo, wani ya rage mai a miya. Ɗan Iya kaɗai ne bai rage magana ba.

Manomi ne, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai gona ɗaya ta gado a bayan gari, amma shi bai taɓa ɗaukar kansa manomi ba. Noma dai ya same shi ne. Ainihin aikinsa bincike. Da tattabaru ya fara, ya gina musu ɗaki mai hawa uku, suka kwana biyu suka koma rumbun maƙwabcinsa Tanko inda ake da dawa. Ya yi kiwon kifi a kwatamin siminti, kyanwoyin unguwa suka yi ƙiba. Ya koyi haɗa sabulu, matarsa Hure ta wanke zane ɗaya da shi, zanen ya fito ba fure ko ɗaya. Duk wanda ya yi masa jaje sai ya ce gwaji ne, kuma gwajin ya ba shi amsa.

Da kaka ya kai wake Dawanau ya dawo da babbar waya mai tsagaggen gilashi. Sabis ba ya kamawa a garin sai a gindin tsamiyar da ke bayan masallaci, nan ma sai mutum ya ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa. A nan Ɗan Iya ya ga bidiyon da ya sauya masa tunani. Wani mutum ne a wata ƙasa mai nisa, yana magana da yaren da Ɗan Iya bai taɓa ji ba. Ya dama kashin shanu da ruwa, ya ɗura a duro, ya rufe, ya jawo tiyo zuwa murhu, ya ƙyasta ashana, sai ga wuta shuɗiya tana ci ba hayaƙi. Daga nan mutumin ya ɗaga yatsa yana nuna wani ɗan bututu a saman duron, da alamar zai faɗi abu mai muhimmanci, sai data ta ƙare. Ɗan Iya bai damu ba. Mai hankali ai ba sai an ƙarasa masa magana ba.

Bayan la'asar ya tarar da majalisa ta cika a gindin tsamiyar, ana ta jimamin tsadar taki. Ya tsaya a kansu, bai zauna ba.

"Kun san matsalar ƙasar nan?"

"Mun san ta, tare muke kwana," in ji Tanko. Tanko mai shanun huɗa biyu ne, kuma maganarsa ba ta da yawa.

"Ba ku sani ba. Kowa ya zuba ido yana kallon bakin gwamnati, alhali arzikin yana bayan saniya."

"Shekara ashirin ina bayan saniya da garma, Ɗan Iya. Abin da ke fitowa na san shi."

"Ka san shi da ido, ba ka san shi da ilimi ba. A cikinsa akwai gas, irin wanda 'yan birni ke girki da shi a tukunyar ƙarfe. Nan da wata guda ba mai sake sayen itace a garin nan. Daga nan sai injin ban-ruwa, daga nan sai babura. Ku dai ku riƙa gaishe ni tun yanzu, don in baƙi suka fara zuwa daga waje ban san ko zan sami lokacinku ba."

Wani dattijo ya juya wajen limamin garin, Malam Muhammadu Sani, wanda ke gefe yana jan carbi. "Allah gafarta Malam, tuwon da aka dafa da iskar kashi, ya halatta a ci?"

Liman ya ɗago kai. "A ga wutar tukuna. Ba a raɗa wa ciki suna."

Ɗan Iya ya ɗauki wannan a matsayin goyon baya.

Abu na farko da aikin ke buƙata shi ne duro, kuma akwai shi a tsakar gidansa, shuɗi na roba, wanda Hure ke tara ruwa a ciki. Abu na biyu kashin shanu. Ya juye jujin takin da suka tara duk rani don gonar gero, kashin awaki ne da toka da shara, bai kai rabin duro ba. Sai ya je wurin Tanko.

"Bana kashin shanu ba kashi ba ne, dukiya ce," in ji Tanko. "Me za ka ba ni?"

Ɗan Iya ya ɗaga kai ya hango karan dawar da Hure ta jibge a kan rufin ɗakin girki. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma da wannan karan take shirin yin suya har saukar damina. Ita ta ɗauko shi daga gona a ka, dami bayan dami.

"Ga kara can. Kwashe duka."

"Hure ta sani?"

"Hure za ta gode mini."

Ran nan Hure ta tafi suna Bagwai. Tanko bai ɓata lokaci ba, ya jawo amalanken shanunsa ya yi sahu uku kafin azahar, kamar mai tsoron kada mai kyauta ya farka.

Da yamma Hure ta shigo, ta ajiye mayafi, ta dubi rufin ɗakin girki, ta dubi tsakar gida da ta jiƙe sharkaf, ta dubi duronta da wani abu kore-kore ke dalala daga bakinsa.

"Baban Asma'u, ina karana?"

"Na juya shi."

"Ka juya shi ina?"

"Na juya shi ya koma gas. Kin gama shan hayaƙi ke nan har abada. Idonki zai huta, tukunyarki ba za ta sake baƙi ba."

"To yau da me zan yi tuwo?"

"Kwana ashirin da ɗaya kawai za ki jira."

"Kaza ce a ciki?"

Ya lura tambayar ba ta neman ilimi ba ce. Ran nan garin rogo suka jiƙa da ragowar ƙuli-ƙuli. Washegari ma haka.

Da ya sake tunani, sai ya tuna kashin da mutumin bidiyo ya zuba ɗanye ne, nasa kuwa rabinsa busasshe. Ya ɗauki daron wankin Hure ya tafi turken Tanko, ya tsaya bayan farin bijimin ya tara. Tun hantsi yake tsaye. Bijimin yana tuƙa, yana waiwayensa lokaci-lokaci. Mata masu zuwa rijiya suna wucewa suna yi masa sannu da aiki ba tare da sun tambayi wane aiki ba ne. Da aka kira azahar ya ajiye daron ya juya zai tafi alwala, sai ya ji faɗuwar abin a ƙasa, tim. Ya dawo da sauri, ya kama wutsiyar ya ɗaga don ya ga ko da saura. Saura dai akwai, amma a ƙafar baya take, hauri ne guda. Kwana uku yana salla a zaune, yana gaya wa masu dubiya cewa ciwon baya ne irin na masu yawan tunani.

Duk da haka duro ya cika. Ya cire tiyon injin ban-ruwan da ya daɗe a ajiye don rashin mai, ya samo robar cikin tayar babbar mota wajen mai faci a Bici don tara iskar, ya ɓalle kan wani tsohon risho ya zama murhu, ya sa famfo a tsakani. Ya like murfin da ƙaro, ya naɗe da igiyar roba, ya shafe da siminti. Ya rubuta a jikin duron da farin fenti: KAMFANIN ƊAN IYA, BA A TAƁAWA. Gargaɗin bai zama dole ba.

Sati guda ba abin da ya motsa. Kullum da safe yana kara kunne a jikin duron kamar ungozoma. Da ya ga shiru ya yi yawa, ya fasa simintin ya ƙara yis, tunda yis ne ke tayar da burodi. Bayan kwana biyu ya ƙara ruwan tsamiya da ruɓaɓɓen tumatir. Sannan ya ƙara kanwa, don ya san abin da kanwa da wake ke yi wa cikin mutum, ya kuma zuba waken ma, mudu guda. Hure tana tsaye tana kallon waken yana shiga.

"Shi an dafa masa, mu muna shan gari."

"Ba dafaffe ba ne."

"To mun yi daidai."

Daga nan duro ya amsa. Ba da wuta ya amsa ba, da wari ya amsa. Warin ya fara cika tsakar gida, ya haura katanga, ya bi lungu, ya isa bakin masallaci. Ƙudajen garin duka suka tare a gidan Ɗan Iya, har da waɗansu koraye manya da ba wanda ya san su, aka ce daga wajen Bagwai suka zo. Awakin Hure suka daina kwana a gida. Ita ma ta kwashe tukwanenta ta koma girki gidan yayarta, da yamma ta aiko masa da nasa a kwano a rufe, mai kawowa ya ajiye a zaure ya juya.

A masallaci kuwa ba wanda ya ce masa komai. Sai dai in an tayar da salla, wurin mutum ɗaya yakan rage a damansa, wurin mutum ɗaya a hagunsa. Liman ya waiwayo ya ce a daidaita sahu a cike gurbi. Kowa ya dubi ƙasa. Liman ya sake faɗa, iska ta kaɗo daga wajen Ɗan Iya, Liman ya juya ya yi kabbara.

Wadda abin ya fi shafa ita ce Inna Fanta, tsohuwar da ke suyar waina a jikin katangarsa shekara talatin. Masu saye suka koma tsayawa daga nesa suna nuni da yatsa, daga baya suka daina zuwa. Wata safiya ta shigo gidan ba sallama, da ludayin ƙullu a hannu.

"Ɗan Iya, wa ya mutu a gidan nan?"

"Inna, ci gaba ne ke zuwa. Nan da kwana kaɗan zan ja miki tiyo har gindin tandarki. Ke ce ta farko, kyauta."

"Na ga zamanin fara, na ga zamanin yunwa. Ban taɓa ganin zamanin da ƙuda ke ƙin waina ya zaɓi gidan maƙwabci ba."

"Haka duk wani sabon ilimi yake farawa."

"Da ruɓa?"

"Da haƙuri."

Ta dube shi tun daga hula har silifa, ta fita, ta nufi gidan Mai unguwa.

A rana ta goma sha tara robar tayar ta ɗan tasa. Ɗan Iya ya buɗe famfo, ya ji huci siriri, ya ƙyasta ashana ya kai. Iskar ta hure ashanar. Ya ƙyasta wata, ta hure. Sai da ya ƙarar da kwali guda. Ya gaya wa majalisa cewa ƙarfin gas ɗin ne ya fi ƙarfin ashanar zamani, wadda ita ma an rage mata inganci kamar komai. A nan kam ba wanda ya yi masa musu.

Bayan kwana biyu ya sake gwadawa, ya sunkuya sosai don ya ga ramukan murhun. Aka ji fuf. Wutar ba ta fi ƙiftawar ido ba, amma ta tafi da girarsa ta dama da rabin gashin bakinsa. Ya miƙe, ya shafa wurin, ya ji santsi. Tunda aka haife shi bai taɓa jin daɗi irin na ran nan ba. Ko ruwa bai shafa ba ya fita, ya bi gari ƙofa-ƙofa yana nuna fuskarsa.

"Ga shaida. Masu cewa ba wuta, su faɗa mini wa ya yi wannan."

Tanko ya duba da kyau. "Wanzami na yi da rahusa, kuma yana yin ɓangare biyu."

A wannan halin ɗan aike ya same shi, Mai unguwa Nababa na kira. Mai unguwa mutum ne mai son zaman lafiya da fararen kaya. Yana zaune a zaure, Inna Fanta na gefe ta gama kai ƙara.

"Ɗan Iya, jama'a sun koka. Ni kaina turaren da nake sawa ya daina aiki."

"Ranka ya daɗe, nan da shekara guda za a riƙa kiran garin nan a rediyo. Kuma in an kira gari, wa ake kira bayansa?"

Mai unguwa ya gyara zama. Maganar ta shige shi. Ya ɗan yi tunani ya yanke hukunci: ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, a kawo duron ƙofar gidansa. Inna Fanta ta kawo tanda da ƙullu. In wutar ta soya waina ko guda ɗaya, duro ya zauna, shi da kansa zai kai labari gaba. In ba ta soya ba, a fitar da shi bayan gari kafin magariba.

Kwana huɗu suka rage. Ɗan Iya ya lissafa cewa in yana son wuta mai yawa, dole kada ko numfashi ɗaya ya tsere. Ya ɗaure famfon da wayar ƙarfe, ya ƙara siminti a murfin, ya toshe wata 'yar huda da ya ji tana huci a gefe. Ya naɗe duron da baƙar leda ya gangaro da shi tsakiyar rana, kuma lokacin bazara ne, irin zafin da ƙadangare ke gudu da yatsun ƙafa. Warin ya ragu ƙwarai. Mutane suka fara cewa ko dai mutumin nan ya san abin da yake yi. Ran Alhamis har wani ya tsaya kusa da shi a sahu.

Hure ta leƙo ɗaukar kaya ta ga duron. A da yana da ƙugu da layuka, yanzu ya zama ƙwallo, gindinsa ya bar ƙasa yana lilo.

"Baban Asma'u, duron nan ya kumbura."

"Ƙoshi ne."

"Mutumin da ka gani a waya, shi ma haka nasa ya yi?"

"Nasa bai kai nawa ba."

Ta ɗauki kayanta, ta kuma janye tabarmarta daga kan igiya ta tafi da ita.

Ranar Juma'a Tanko ya yarda ya ɗauki duron a amalanke, da sharaɗin shi zai ja shanun daga gaba, nesa. Maza huɗu suka ɗora shi. Hanyar ƙofar gidan Mai unguwa ba ta da tsawo amma duk gargada ce, duron yana tafe yana girgiza, yana wani gurnani daga ciki. Ɗan Iya na biye da shi cikin babbar rigarsa ta salla, yana ɗaga wa mutane hannu.

Jama'a sun dawo daga masallacin Juma'a na Bagwai, kowa da kayansa na fita. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin kuka. Mai unguwa ya zauna a kujera cikin farar shadda sabuwa fil, Liman na damansa. Mata suka jeru a bakin katanga. Inna Fanta ta ɗora tanda a kan murhun, ta zuba mai, ta riƙe ludayi tana jira. Duron yana kan amalanke a rana, ba a kwance shanun ba.

Ɗan Iya ya fara jawabi. Ya yi magana a kan tsadar mai da dalilinta. Ya yi magana a kan ƙasashen da suka ci gaba, inda ya ce ko akuya ba ta kashi a banza. Ya bayyana cewa ba zai manta da garinsu ba ko ina ɗaukaka ta kai shi. Ya yafe wa duk waɗanda suka yi masa dariya, ya ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya don su san an yafe musu. Inuwar kuka ta matsa kamu biyu.

"Ƙulluna na tsami," in ji Inna Fanta.

Ya kwance wayar famfon, ya roƙi Mai unguwa ya taso ya buɗe da hannunsa mai albarka. Mai unguwa ya taso, ya tattare hannun riga, ya yi bisimilla ya murɗa. Ɗan Iya ya ƙyasta ashana ya kai bakin murhu. Ashanar ta ci har ta ƙone masa yatsa. Ko huci babu. Girgizar hanya ta tura kauri cikin tiyon ya toshe.

"Yana jin kunyar jama'a ne," in ji Tanko daga nesa.

Ɗan Iya ya cire tiyon daga murhu ya leƙa ciki da ido ɗaya. Ya karkaɗa. Ya tuna yadda ake janyo fetur daga tankin babur, ya sa baki ya zuƙa. Abin da ya zo ba gas ba ne. Ya juya baya ya tofar, ya goge baki da hannun riga, ya ce alama ce mai kyau, hanya ta fara buɗewa.

"Ranka ya daɗe, matso ka ji da kunnenka. Allah gafarta Malam, kai ma matso, don ka zama shaida. Gas ɗin na nan, barci yake."

Suka matso. Dattawa biyar suka biyo su, don ba a barin manya su tsaya su kaɗai. Duka suka kara kunnuwa. Gurnanin kuwa ana jin sa sarai.

"Tashinsa kawai za a yi," in ji Ɗan Iya. Ya karɓi taɓarya a hannun wata mata, ya hau amalanken, ya daidaita tsayuwa, ya buga wa duron ɗaya a kafaɗa.

Mutanen Bagwai sun ce sun ji ƙarar, sun ɗauka tayar tirela ce. Murfin ya tashi da simintinsa ya maƙale a reshen kuka. Abin da ke cikin duron, na wata guda, da yis da wake da kanwa, ya bi shi sama, ya buɗe kamar laima, ya ɗan tsaya, sannan ya sauko. Shanun Tanko suka zabura da amalanken, Ɗan Iya ya faɗo ta baya, duron ya kwanta ya juye masa ragowar tun daga kai har ƙafa, sannan shanun suka bi titi suna zana layi da abin da ya saura.

Ba a jin komai sai ɗigowa daga ganyen kuka. Mai unguwa yana tsaye hannuwa a buɗe, shaddar ta koma launin miyar kuka. Liman ya cire rawani ya dube shi ya mayar. Inna Fanta ta leƙa tandarta, kowane gurbi ya cika daidai baki.

"Ga wainarka, Ɗan Iya. Wa zai fara?"

Ba wanda ya yi dariya, don buɗe baki a lokacin ba dabara ba ce. Sai wani dattijo cikin masu kara kunne ya sunkuya, ya lakato abin da yatsa, ya murza, ya kai hanci.

"Wannan fa taki ne. Kuma ya nuna."

Maganar ta ratsa taron. Damina saura sati uku, kuma rabin mutanen da ke wurin ba su da abin zubawa a gona. Wani ya zare hularsa ya fara kwasa a ciki. Mata suka ruga gida suka dawo da darurruka da tsintsiya. Masu jakuna suka kawo mangala. Mutum biyu suka kama musu a kan wani tudu da ya taru a gindin kuka. Tanko ya dawo da shanunsa yana haki, ya ce duk abin da ke kan titi nasa ne, tunda shanunsa suka zuba, kuma asali ma daga cikinsu ya fito. Mai unguwa ya share fuska ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce abin da ya sauka a jikin mutum nasa ne, abin da ya sauka a ƙofar gidan Mai unguwa kuwa kowa ya san mai ƙofar.

Ɗan Iya ya miƙe da ƙyar. Ba a ganin komai nasa sai idanu. "Ranka ya daɗe, ai kayan nawa ne. Jujin gonata duka yana ciki."

"Ka ji hukunci," in ji Mai unguwa. "Kuma kai ka fi kowa samu."

Ɗan Iya ya juya zai nufi gida, sai ya ga Hure tsaye a gabansa, bokiti cike da ruwa a kanta, wani a hannu.

"Ba gida za mu ba."

"Wanka zan yi, Hure."

"Za ka yi. Wuce gona. Kuma ka tafi a hankali, kada ka zubar a hanya."

Haka suka ratsa gari, shi a gaba yana tafiya a buɗe kamar mai sabuwar kaciya, ita a baya, ƙudaje a sama. Da suka isa gonar gero ta ajiye bokitan ta duba wurin da ƙasa ta fi fari.

"Hau kan kunya, ko yau ka san inda take."

Ya hau. Ta kamfato ruwa da moɗa ta zuba masa a ka, ya gangara baƙi ƙirin ya shige ƙasa.

"Matsa gaba. Nan ya samu."

Ya matsa kunya ta biyu. Ta zuba. Ta sa ya tuɓe babbar rigar ta matse ta a kunya ta uku, hular a ta huɗu. Ya tofar da ruwan da ya shiga bakinsa, ya gyara murya.

"Kin san a ƙasashen da suka ci gaba ma haka ake zuba shi, ruwa-ruwa. Ni da ma abin da nake son nunawa ke nan. Gas ɗin hanya ce kawai."

"Ɗaga hannu," in ji Hure. "Akwai saura a hammata."